Matar Mai Shago Ba Ta Buga Kati

Rigoberto Alvarenga ɓarawo ne. Na rubuta sunansa cikakke don kada wata ta ce na yi masa rufa-rufa. Ba irin ɓarawon da ke fasa tagar mota ba ne. Shi da zobe ya yi tasa satar, da rana tsaka, a falon gidanmu, uwata tana tafa masa. Ni kuwa da aka yi wa satar, ni na miƙa masa yatsa da kaina, ina murmushi har kunne.

Masu karatu, sunana Nohemi, shekaruna arba'in da ɗaya, ban taɓa aure ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen duk wautar da za ku ji. Ban yi nisa a makaranta ba, Turancin da nake ji ma a bakin kasko da rediyo na tsince shi. Amma in wa'azi ne, ku tambayi 'yan matan da suka yi aiki a shagonsa na abinci, shi Don Rigo, kamar yadda muke kiransa don girmamawa. Ni ce mai leƙa wayarsu in ce, "Wannan mai turo miki hoton fure, ya taɓa tambayarki nawa kike biyan haya?" Ni ce mai cewa ruwa ba ya tsami banza. Har suna suka sa mini a ɓoye, wai Uwar Coci. Na san da sunan, kuma daɗinsa nake ji. To yau ga Uwar Coci a gabanku, ku yi dariyarku, na yafe.

Kusan shekara goma ina tafa pupusa, wato wainar masara irin ta can gida, a shagon nan. Kafin a buɗe ƙofa hannuna yana cikin kwaɓin masara, in cusa wake da cuku, in tafa, in jefa a kasko. Duk tsawon lokacin nan Don Rigo bai taɓa duban fuskata ba sai in wata ta ƙone. Gajeren mutum ne mai gashin baki rinanne, matarsa ta gudu tun kafin in zo. Hirarmu ba ta wuce biyu: "Nohemi, wuta ta yi yawa," da kuma "Nohemi, rage cukun nan, ba sadaka muke yi ba."

Sai majalisar birninmu ta ƙara mafi ƙarancin albashi, aka ce daga ɗaya ga Yuli zai fara aiki. Unguwa ta ɗauka. Mami, wato uwata Doña Chabela, da ke wankin zannuwan gado a wani otal, ta bar sharar ofis da take ƙarawa ranar Lahadi, ta je aka duba mata ido aka yi mata tabarau. Maƙwabcinmu mai wanke motoci ya ajiye aikinsa na biyu, 'ya'yansa suka fara ganinsa a gida da yamma, ƙaramar har ƙiwa ta yi masa. Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Mai gidan hayarmu shi ma yana sauraron labarai, bai yi wata-wata ba ya ƙara mana. Mai wanki da guga na kan kwana ya rufe, ya koma garin da ke gaba da mu, inda ƙarin bai kai ba. Kowa da yadda ruwan ya dake shi.

A shagonmu kuwa Don Rigo zaman makoki ya shiga. Ya ƙara kuɗin pupusa, ya rubuta a kwali da manyan baƙaƙe cewa laifin majalisa ne, ya manna a jikin kwalbar tukuici. Ya sallami mutum biyu. Dalila, yarinyar da ke kai abinci tebur, ya mayar da ita kwana uku a mako.

"Anti Nohemi," in ji ta, "an ƙara mini girman cokali, an rage mini miya."

Aikin waɗanda aka sallama ya dawo kaina. Ban damu ba, tunda kowace awa yanzu ta fi ta jiya daraja. Kuma ban ce Don Rigo bai ji a jikinsa ba. Cuku ya yi tsada, hayar shago ba ta sauka. Amma matar da ke gidan burodi a tsallaken titi ita ma ta ji. Ta ƙara kuɗin burodinta, tana zagin majalisa kullum safiya, ranar Juma'a kuma ta biya mutanenta cif. Haka mai mutunci yake yi.

Wata ranar Talata da yamma, na sauka daga bas ke nan, wayata ta yi ƙara.

"Nohemi, kin isa gida lafiya?" Ga hoton jan fure a ƙarshe.

Na tsaya a bakin titi na rubuta, "Don Rigo, wa kake nema? Nohemi ce ta kicin."

"Ke nake nema. Kuma ki daina ce mini Don."

Masu karatu, me Uwar Coci ta yi? Ta tambayi kanta me ya sa ruwa ya yi tsami? Ina! Tana isa gida banɗaki ta shige ta kulle, ta tsaya gaban madubi tana juya fuska hagu da dama, tana neman abin da mutumin ya gano bayan shekara goma. Kuma na samu. Na yanke cewa idanuna ne. Har na ce wa madubin, "Dama na san akwai ranar da za a lura."

Mami ce ta tsinci wayar a kan tebur. Ta gyara sabon tabaraunta, ta karanta, ta sake karantawa, sai ta ɗaga hannu sama.

"Na gode Allah da na rayu na ga wannan da idona, kuma tar nake gani!"

"Mami, saƙo ne kawai."

"Saƙo da fure! Mai shago, mai mota, haƙoransa duk nasa ne."

"Gajere ne fa."

"Labule za ki saya da kike auna tsayi? Ke 'yar nan, shekararki nawa? Ni kullum in na durƙusa a coci sunanki nake kira, har waliyyan sun gaji da ni. Amsa masa. Sa masa fure biyu."

Na sa uku.

Daga nan saƙo ya zama abincina. Da safe, "Kin tashi lafiya, sarauniya?" Da yamma, "Ƙafafunki sun gaji, ki jiƙa su a ruwan ɗumi." Na sayi man fuska mai tsada. Na fara sa jan baki ƙarƙashin ragar kai, zafin kasko yana narkar da shi kafin azahar. Kuma bari in faɗa muku gaskiya ɗaya a tsakiyar wannan shirme: tun da mahaifina ya rasu, ba namijin da ya taɓa tambayata ko na isa gida lafiya. Wanda bai taɓa hawa bas shi kaɗai shekara da shekaru ba, ba zai san nauyin wannan tambayar ba.

Ranar Lahadin da ya zo gidanmu, Mami ta goge ledar da ke kan kujerun falo har tana sheƙi, ta share ƙurar hoton Baba, ta dafa miyar kaza da shinkafa. Ni na shiga koriyar rigar da na ɗinka don bikin 'yar ƙanena, wadda ta matse ni tun a lokacin, na tura ƙafa cikin takalmi mai tsini. Numfashi ma da dabara nake yi. Rigo ya shigo da farar taguwa, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene. Ya ci, ya ƙara, ya yabi miya. Sai ya ciro zobe, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, gwiwar ta yi ƙas.

"Nohemi, ba ni da kowa a ƙasar nan. Ina so ki zama iyalina."

Mami ta fashe da kuka tana tafi. Ni ma na yi kuka, na gaske.

Washegari na isa shago, na ɗauko katina zan tura a na'urar da ke rubuta lokacin shigowa da fita. Sai ga hannun Rigo a kan na'urar.

"Haba, masoyiya. Matar mai shago ba ta buga kati. Wa kika taɓa gani yana buga kati a ɗakinsa? Nan gidanki ne."

Ya zare katin daga hannuna a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa, daidai saitin zuciya, ya dafa wurin. Ya ba ni mabuɗin shago. Wallahi da ya ce in ba shi takalmina ma a ranar, da na cire.

Kun san abin da ya fi ba ni kunya? Ba katin ba ne. Kafin mako ya zagayo, ni da bakina na ji ina cewa, "Dalila, kashe fitilar bayan nan, ba sadaka muke yi ba." Ni na fara rage cuku ba tare da an ce mini ba. Ina buɗewa da safe, ina rufewa da yamma, ina duban kujerun roba da firijin lemo ina cewa a raina, duk namu ne.

Dalila ta same ni ina yanka kabeji.

"Anti, jiya Juma'a ban ga an ba ki cak ɗin albashi ba."

"Yarinya, akwai abin da ya fi kuɗi a duniya."

"Ke ce fa kika ce in namiji ya…"

"Yara na faɗa wa. Ɗauki farantin nan, tebur na jira."

Ta ɗauka, ta tafi tana girgiza kai.

Mami ta yi shiru Juma'a ta farko, ta yi shiru ta biyu. Da ƙarshen wata ya zo sai ta tare ni a kicin.

"Ina naki kason na haya?"

"Mami, yanzu ai shagonmu ne."

"Namu? To ɓalle mini ƙofar shagon in kai wa mai gida." Ta yi tsaki, sannan ta sassauta murya. "Ku dai yi sauri a ɗaura. In kin shiga gidansa komai zai daidaita."

Ni ce na fasa ɗan abin da na tara na biya. Shi ma Rigo saurin yake yi. Kullum saƙonsa, "Mu je gaban alƙali kawai a sa hannu, bikin coci ya biyo baya. Ba zan iya jira ba." Na karanta wannan "ba zan iya jira ba" ya fi a ƙirga, ina rufe fuska da matashi kamar 'yar shekara sha shida. Muka sa rana, Juma'a ta sama.

Ranar Alhamis ɗin makon da ya gabaci ranar, Rigo ya fita sayo cuku, sai ga Don Efraín ya shigo cin abincin rana. Dattijo ne da ke cike wa rabin unguwarmu takardun haraji a wani ɗan ofis bayan shagon aski. Kunnensa ɗaya ya mutu, don haka in yana magana har na bakin titi yana ji. Ya zauna kusa da kasko ya hango zoben.

"Amarya! A cika mini cuku yau, ai ni na haɗa auren nan!"

Na yi dariya. "Kai kuma, Don Efraín? Yaushe ka koma dillalin aure?"

"Ni mana! Kafin Yuli ya zo ofishina kamar zai yi kuka, wai ƙarin albashi zai kashe shi, in nemo masa mafita. Na ce masa, Rigo, dokar nan ba ta bar kowa ba sai iyalin mai shago na jini da na aure: iyayensa, 'ya'yansa, matarsa. Su kaɗai ne ba dole a biya su ba. Ya ce tsohuwarsa tana can gida, a Usulután, ba ta hawa jirgi. Ɗa kuwa Allah bai ba shi ba. Na ce to saura ɗaya!" Ya ƙyalƙyale da dariya yana dukan tebur. "Wasa fa nake yi! Ashe mutumin yana da wadda yake so a ɓoye. Kin ga ikon Allah?"

Hannuna yana cikin kwaɓi. Na kasa ciro shi.

"Amma ki tuna masa," in ji shi, yana zuba kabeji a faranti, "zobe ba aure ba ne. Sai alƙali ya sa hannu. Kafin nan biyanki zai yi kamar kowa. Yana biya dai ko?"

Dalila ce ta zo ta kwashe pupusar da suka ƙone, ta rage wuta, ba ta ce mini uffan ba. Yarinyar nan tana da tarbiyya. Da ni ce a matsayinta, da na yi wa'azin awa guda.

Rigo ya shigo ta ƙofar baya rungume da kwalin cuku.

"Sarauniya, me ya ƙone?"

"Rigo, me ya sa ka nemi aurena?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Idanunki mana."

Kun ji? Har idanun ma ya san da su.

"Don Efraín yana waje yana cin abinci," na ce. "Ya ba ni labarin iyaye da 'ya'ya da mata."

Ya ajiye kwalin a hankali. Ya ja ni gefen firiji ya rage murya.

"Nohemi, ki saurare ni, ke mai hankali ce. Kin san abin da ke shigowa shagon nan, kin san abin da ke fita. In na biya kowa sabon albashi, kafin Kirsimeti na rufe. Sai kowa ya huta ke nan? Kuɗin da zan ba ki, in mun yi aure, ba gida ɗaya za su kwana ba? Uwata ta yi wa ubana aiki har ya mutu, ba ta taɓa tambayar ko sisi ba. Aure ai taimakon juna ne. Kuma ina jin daɗin zama da ke, wannan ba ƙarya ba ne."

Ku ji tsoron mai rabin gaskiya, ya fi maƙaryaci haɗari. Zuciyata har ta fara lallashina. Sai na yi masa tambaya ɗaya, kuma Allah ya sani so nake ya ba ni amsar da za ta sa in zauna.

"To me ya sa ni? Ga Dalila, yarinya ce, kyakkyawa."

Bai ko yi tunani ba.

"Dalila ai kwana uku kawai take yi a mako."

Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji ta. Ya buɗe baki zai gyara, na cire rigar girki na rataye a ƙusa, na ajiye masa mabuɗinsa a kan kwalin cuku.

A cikin bas, kada ku ɗauka jaruma ce ta zauna. Lissafi nake yi irin na marar mafita. Shekara arba'in da ɗaya. An riga an faɗa wa mutanen coci. Rigar ma an kai ɗinki. Mata nawa ne aka aura don abin da bai kai wannan ba, suka zauna lafiya? Na san kuma abin da Mami za ta ce: ki yi haƙuri, namiji duk ɗaya ne, gara wanda ke da shago. Na shirya in ta faɗi haka, in koma.

Na same ta tana jiƙa ƙafa a roba. Na faɗa mata komai, har da maganar kwana uku. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ni na tura ki," ta ce. "Ni na ce ki sa fure."

"Mami, ko in haƙura? An riga an sa rana."

"Ki haƙura?" Ta fito da ƙafarta daga ruwa. "Tun kina goye nake wanke zannuwan da baƙi suka kwana a kai. Sai bana, da furfura a kaina, aka ga dama aka ƙara mini abin da zan yi tabarau. Shi kuma ya zo ya kwashe naki gaba ɗaya, ya ci kazata, har ya ƙara? Na so in ga mijinki kafin in mutu, Allah ya sani. Amma ban haifi baiwa ba. Miƙo hannun."

Zoben ya ƙi fita, yatsan ya kumbura da aiki. Sai da ta kawo man girki ta shafa, tana ja ina ihu, tana zaginsa tun daga kakansa. Da ya fita ta jefa shi a kofin shayi, ta rungume ni, muka yi kuka mu biyu, ƙafarta tana ɗigar da ruwa a kan kafet.

Ranar Litinin ta sa rigarta ta zuwa coci, ta kai ni ofishin birni da ke karɓar ƙarar ma'aikata. Matar da ke wurin ta tambaye ni dangantakata da mai shagon.

"Ma'aikaciyarsa ce," in ji Mami, kafin in buɗe baki.

Ta nemi shaidar lokutan da na yi aiki. Kati kuwa yana aljihun Rigo. Sai na miƙa mata wayata, domin kullum safiya yakan rubuto, "Kin buɗe, sarauniya?" kullum yamma kuma, "Kin rufe, hasken idona?" ni kuma in amsa da lokaci da furanni. Matar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa, tana cije leɓe don kada ta yi dariya. Da ta kai inda na rubuta masa cewa gashin bakinsa yana hana ni barci, sai ta nemi izini ta fita shan ruwa. Masu karatu, da ƙasa ta tsage a ranar, da na shige na ja ta na rufe.

Yanzu ina gidan burodin tsallaken titi. Ina buga katina safe da yamma, kuma ba na yi wa kowa wa'azi, sai in abin ya yi yawa. Dalila ma ta biyo ni. Wani lokaci in na sauka daga bas nakan duba waya, ba don ina jiran kowa ba, sabo ne kawai, kuma yana raguwa.

Shi kuwa Rigoberto Alvarenga, an umarce shi ya biya ni duk awannin da na yi da zobe a hannu, a kan sabon albashi, aka kuma ci shi tara. Ya sayar da motarsa ya biya. Ba shi da halin ɗaukar kowa, kuma ba wadda za ta je. Shi ke buɗewa, shi ke tafa pupusa, shi ke kai wa tebur, shi ke wanke kasko, har ranar Lahadi. Doka ba ta ce a biya mai shago ba, kuma ba wanda ke biyansa.